Kama da wane ba wane ba ne: tarin da ke shiga rigar huka

Yau maganar tari na kawo muku. Wata za ta ce mi ya haɗa tari da jaridar asusu? Abin da ya haɗa su shi ne, tarin da zan ba ku labari ya shiga gidanmu, ya shiga akwatin ƙungiyarmu, ya kusa raba ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Da izininta nake rubutawa, ta ce in faɗa don kada wata ta sha irin wahalar da ta sha.

Yadda abin ya faro

Shekaru shida da sunka wuce Yaya ta yi tarin huka. Ta sha magani wata 6 cur, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba, anka auna anka ce ta warke. Ta koma sana'arta ta hura, ta koma zubi. Bayan shekara uku, cikin hunturu, an gama sussukar hatsi ke nan, sai tari ya dawo. Da farko munka ce ƙura ce. Wata guda, wata biyu, tari bai tsaya ba. Ta dinga ramewa, dare ya yi zufa ta jiƙa mata zane, in ta ɗauko tulu daga rijiya sai ta zauna sau biyu kafin ta iso gida.

Tsoron kada a ce huka ta dawo ya sa ta ɓoye. Ta ɗauki bashin jika 25 cikin akwati da sunan ƙara jari, ashe kuɗin wajen masu tallar magani a kasuwa da masu jiƙe-jiƙe sunka tahi. Daga baya ta saida awaki biyu. Sai ranar da ta ga jini cikin kaki ta yarda munka kai ta gidan likita. Anka duba kakin da madubi, anka ga ƙwayoyin cuta, anka sake ɗora ta bisa maganin huka.

Watanni sunka shuɗe, ana aunawa ana ganin ƙwayoyin nan suna nan daram. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarshi. Gaban ƴan ƙungiya na ce mata: "Yaya, ki ji tsoron Allah, in ba ki shan maganin nan ki faɗa muna gaskiya." Ta dube ni ta ce: "Ke ma?" Ba ta ƙara cewa komi ba. A lokacin an riga an ware mata ƙwarya da ludayi, an hana jikokinta shiga ɗakinta, masu sayen hura sun watse.

Allah ya saka wa majon da ke duba ta da alheri, shi ya ce abin ya wuce saninshi, ya rubuta muna takarda zuwa babban asibiti. Can anka sa kakin cikin wata na'ura, na'urar ta ce babu ƙwayar huka. Anka ɗauki hoton ƙirji, anka aika kaki Yamai har sau biyu. Mun yi kusan wata biyu muna jira. Da sakamako ya zo, lokotoro ya ce: "Hajiya, abin da ke cikin huhunki dangin huka ne, amma ba ita ba ce." Na ga ya rubuta haruffa uku bisa takarda: MNT.

Mi ne ne wanga ciwo?

Na yi ta tambaya, na tambayi lokotoro, na sa ɗan ƙanena da ke karatun aikin lahiya a Tawa ya karanto mini abin da masana sunka rubuta. Ga abin da na fahimta, cikin harshenmu.

Ƙwayar da ke kawo huka tana da babban dangi. Cikin dangin akwai ita kanta, akwai wadda ke kawo kuturta, sannan akwai sauran iri fiye da 150 waɗanda ba huka ba ba kuturta ba. Su ne ake tarawa a kira MNT. Ƙwayar huka jikin mutum ne gidanta, daga mai tari take tashi ta kama na kusa da shi. Su kuwa waɗannan gidansu ƙasa da ruwa: turɓaya, taki, laka, tabki, bututun famfo. Kullum muna shaƙar su cikin ƙura da feshin ruwa, kuma mafi yawanmu ba su yi muna komi, jiki na korar su.

To wa suke kamawa? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sun fi samun wanda huhunshi ya riga ya ji rauni: wanda ya taɓa yin huka ta bar mishi tabo, wadda hayaƙin murhu ya cinye ma ƙirji shekara da shekaru, mai shan taba, mai sida wanda ba shi shan magani, mai shan magungunan da ke rage ƙarfin jiki, da tsofaffi, musamman mata masu ƙaramin jiki. Yaya ta haɗa biyu: tabon huka, da shekara talatin bakin murhu.

Alamominshi kamar an tsaga kara da na huka: tarin da ya ƙi ƙarewa, kaki, wani lokaci da jini, rama, kasala, zufar dare, zazzaɓi sama-sama. Amma akwai bambanci babba guda da nake so kowace ta riƙe: a mafi yawan lokuta wanga ciwo ba ya tashi daga mutum ya kama mutum. Ƙwaryar da munka ware ma Yaya, da jikokin da munka hana ta, duk a banza munka yi.

Mi ya sa ake ruɗewa?

Awon kaki iri uku ne, kuma kowane da iyakarshi.

Na farko shi ne na madubi, wanda munka saba da shi. Ana shafa kaki bisa gilashi, a zuba rini, a duba. Ƙwayar huka da ƴan uwanta duka ja suke fitowa, kamar ƴan sanduna. Ido ba ya raba su. Saboda haka ma'aikacin da ya gani ya ce huka ce bai yi laifi ba, abin da madubi ya nuna mishi ke nan.

Na biyu shi ne na'urar da ake kira GeneXpert, wadda Hukumar Lahiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010. Ita ƙwayar huka kaɗai take nema, kuma cikin kamar awa biyu take ba da amsa, har ta faɗi in ƙwayar ta ƙi jin ɗaya daga cikin manyan magungunan. In madubi ya ce akwai ƙwaya, na'ura ta ce babu huka, a nan ne lokotoro ke fara tunanin MNT. Ba kowane CSI ke da na'urar ba, amma ana iya aika kaki inda take.

Na uku shi ne shuka ƙwayar a ɗakin bincike, a jira ta tsiro a gane irinta. Shi ke ɗaukar makonni, wani lokaci har 8. Kuma ganin ƙwayar sau ɗaya bai isa a ce mutum na da ciwon ba, tunda tana iya shiga kaki daga ruwa ko ƙura. Sai an same ta aƙalla sau biyu, an haɗa da hoton ƙirji da alamomin da mutum ke ji.

Duniya ta fara lura

Ƙasashen da ke da kayan awo sun ga ciwon na ƙaruwa. A Amurka, cikin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, a 1997 mutum 20 cikin kowane 100,000 ke da shi. Zuwa 2007 sun kai 47. A Japan, a 2007 kamar mutum 6 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, zuwa 2014 sun kai kusan 15. Yau a Japan masu kamuwa da shi sun fi masu kamuwa da huka yawa. Masana na danganta ƙaruwar da abubuwa da dama: mutane na daɗewa a duniya, masu raunin huhu na ƙaruwa, ana wanka da ruwan feshi daga bututun da ƙwayar ke maƙalewa, sannan awo ya inganta, abin da ake yi wa wani suna da yanzu ana gane shi.

Kada ku ce ciwon Turawa ne. Ga maƙwabtanmu. Tsakanin 2010 da 2011 masu bincike sun auna kakin mutum 1,603 da ake zaton suna da huka a Zariya da Kaduna. Ƙwaya ta tsiro ga mutum 444. Cikinsu 69, wato 15 cikin 100, ba huka ba ce, MNT ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai: an fi samun waɗannan cikin watannin hunturu, lokacin hazo da ƙura, kuma sun fi yawa ga waɗanda sunka haura shekara 35. Hunturun da ke busawa Zariya ta kanmu yake bi ya isa can.

A Bamako ta ƙasar Mali, wani bincike da anka buga a 2012 ya duba mutanen da sunka sha maganin huka ya ƙi yi musu aiki, ana musu kallon masu huka mai taurin kai. Kusan ɗaya cikin biyar MNT ce ke damunsu. Labarin Yaya ke nan sak. A 2017 kuma anka tattara binciken ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, anka ga ana samun ƙwayar cikin kamar 7 zuwa 8 daga kowane kaki 100 da anka auna.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda anka ceto daga huka, alhamdu lillahi, ya rayu, amma sau da yawa da tabo cikin huhu. Gwargwadon yadda ake warkar da huka, haka masu tabon ke ƙaruwa cikin garuruwanmu. Su ya kamata mu sa ma ido.

Ba huhu kaɗai ba

Wasu daga cikin dangin fata suke kamawa. Allurar da anka yi da ƙazamin ruwa ko ƙazamin sirinji tana iya barin ƙurji mai ruwa wanda ke wata da watanni bai warke ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu miƙa ɗiyanmu ga masu allurar kasuwa. Ga ƙananan yara kuma, wani lokaci kaluluwar wuya ke kumbura ba zafi. Huka ma na yin haka, don haka a kai yaro a duba, kada a tsaga a gida.

Matan da mazansu ko ɗiyansu ke tahiya ci-rani Abijan, Gana, Binin ko kudancin Najeriya, ku ji wannan. A wuraren nan masu fadama da ruwan kwance akwai gyambon da ake kira Buruli, shi ma ɗan dangin ne. Yana farawa kamar ɗan ƙullutu ko kumburi marar ciwo a hannu ko ƙafa, daga baya ya fashe ya ci fata. In an gane shi da wuri, maganin sha na sati 8 na warkar da shi. In ɗan ci-rani ya dawo da irin wannan, a gaya ma lokotoro ƙasar da ya zauna.

Maganin na da tsawo

Gaskiya ɗaya ce, maganin MNT na huhu ya fi na huka wuya. Na huka wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar. Na MNT galibi iri uku ake haɗawa, kuma ana ci gaba da sha har wata 12 bayan kaki ya nuna ƙwayar ta ɓace. Jimilla yakan kai shekara ɗaya da rabi, ko fiye. Wani ma lokotoro kan ga ciwon bai yi ƙarfi ba, ya ce a dinga dubawa tukuna. Shi ke yanke wannan hukunci.

Abubuwan da anka gargaɗe mu a kai, na rubuta su cikin littafina:

Ɗaya daga cikin magungunan, azitromisin ko ɗan uwanshi klaritromisin, shi ne ginshiƙi. In mutum ya saye shi a kasuwa ya dinga sha shi kaɗai, ƙwayar na sabawa da shi, ranar da ake buƙatarshi ya ƙi aiki. Na biyu, etambutol, yana iya taɓa gani. In ido ya fara hazo ko launi ya rikice, a koma asibiti ranar. In kunne ya fara ƙara ko ji ya ragu, shi ma a faɗa. Na uku, rifampisin, yana maida fitsari ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ku ji da kyau, mata: rifampisin na rage ƙarfin ƙwayoyin hutun haihuwa da ƴar ashanar da ake sawa a dantse. Wadda ke shan shi, ko don huka ko don MNT, ta gaya ma ungozomar asibiti a canza mata dubara.

Kada a juya maganata

Ina roƙon ku, kada wata ta karanta wannan ta ce ma mai shan maganin huka ya bari, wai wataƙila ba huka ba ce. A ƙasarmu huka ta fi MNT yawa nesa ba kusa ba, tana kisa, tana yaɗuwa cikin gida. Ko a binciken Zariya, 85 cikin 100 huka ce. Duk tarin da ya kai sati biyu, a tahi a ba da kaki. In an ce huka ce, a sha magani har ƙarshe. Inda maganata ta shigo shi ne: in mutum na shan magani da gaskiya, wata biyu, wata uku, ba sauƙi, ko tari ya dawo bayan an warke, to a koma a yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyi uku da kowace za ta iya yi cikin ladabi: An sa kakin cikin na'ura? Mi ta ce? In ta ce babu huka, ana iya aika shi a shuka?

Abin da ke hannunmu

Ba a iya raba mu da ƙasa da ruwa. Mu ne sussuka, mu ne shiƙa, mu ne shara, mu ne garkar albasa. Ba wata allurar rigakafi ta musamman da ake yi don wanga ciwo. Abin da za mu iya shi ne rage ƙurar da ke shiga ƙirji da kiyaye huhu daga rauni.

Lokacin shiƙa da sussuka da kwasar taki, a rufe hanci da baki da gyale, a tsaya iska na bayanmu. Kafin shara a yayyafa ruwa. Wadda ta taɓa yin huka, a ɗauke mata aikin ƙura in da hali, a ba ta wani. Girki a yi shi a fili ko inda hayaƙi ke fita, a bar hura wuta cikin rufaffen ɗaki don sanyi. Ƙungiyar da ke da hali ta sa murhu mai tattalin itace cikin abin da ake saye da rabon ƙarshen zagaye. Mai sida ya riƙe maganinshi, shi ne katangarshi. Ruwan sha kuma a ci gaba da tsabtace shi kamar yadda anka koya muna, don zawo da kwalara; ita wagga ƙwaya ta hanyar shaƙa ta fi shiga huhu.

Iyayenmu sun riga mu yaƙi da iska da ƙura. Layukan dogon yaro da anka fara dasawa cikin kwarin Majiya tun 1975 suna nan suna tare iska. A Kaita, tun daga 1984, mata ne sunka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu bisa kai don farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Icen da ke tsaye bakin gona ƙirjinmu ma yake karewa, kada mu bari a sare shi.

Abin da ƙungiyarmu ta yanke

Tun da Mata Masu Dubara ta faro a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne mun san halin juna. Amma Yaya ta yi wata biyar tana tari cikinmu, ta ɗauki bashi don magani da sunan jari, ba wadda ta tambaye ta. Bayan abin ya lafa munka zauna munka yanke shawara huɗu, ga su ko za su amfane ku.

Ta farko, kuɗin agaji da muke zubawa baya ga zubi, an yarda a fidda kuɗin mota daga ciki ga duk ƴar ƙungiyar da anka tura awon kaki ko hoton ƙirji, ba riba a kai. Ta biyu, ba mai tahiya asibiti ita kaɗai; ana haɗa ta da wadda ta iya karatu, ta rubuta abin da lokotoro ya ce, ta adana takardu cikin leda. Tsohon katin maganin huka na Yaya shi ya taimaki lokotoro ya gane inda abin ya faro, don haka kada a jefar da kati ko an warke. Ta uku, mai doguwar jinya ana ɗaga mata biyan bashi, ba tara. Ta huɗu, ba mai ware ma wata ƙwarya ko tabarma da ka. Abin da ma'aikacin lahiya ya ce a yi, shi za a yi, iyakar kwanakin da ya faɗa.

Yaya yanzu tana wata na 14 bisa magani. Wasu daga ciki saye muke yi, kuma da nauyi; ɗiyanta da ke ci-rani na aikowa, ƙungiya na cikawa. Tari ya ragu sosai, ta ƙara kilo huɗu, har yanzu in hazo ya sauka takan kwana zaune. Ta biya rabin bashinta. Ranar da ta dawo taro na tashi gaban kowa na roƙi gafararta, tunda gaban kowa na zarge ta. Ta ce: "Ya wuce, ƙanwata. Amma ki rubuta." Ranar ita ta dama hura, kuma cikin ƙwarya guda munka sha.

A taronku na sati mai zuwa, bayan an rufe akwati, shugaba ta ɗauki minti biyar ta tambaya: wa ke tari fiye da sati biyu, cikinmu ko cikin gidajenmu? Wa ya taɓa shan maganin huka tarin ya dawo? A rubuta, a sa ranar tahiya, a zaɓi mai rakiya. Allah ya ba marasa lahiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin akwatunanmu. Amin.